Ranar da Ban Sa Turare Ba

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a bayan idona, ku biyu da matanku, kuma na san ta, don bangon gidan nan ba shi da kauri. Kun ce shekarar da Yayarku ta zo Masar da mijinta, bayan shekara goma sha shida ba ta taka gidan nan ba, na karɓe ta kamar mai kawo tukunyar gas, ko garwashi ɗaya ban sa mata ba. Ni da kowace baƙuwa, ko wadda ban san sunan garinsu ba, sai na zagaye ta da kaskon turare kafin ta zauna. Gaskiya ne, ban sa ba. Ban musa ba a lokacin, yanzu ma ba zan musa ba. Sai dai lokacin da abin ya faro, Mustafa, shekararka biyar, Auwalu kuwa kana goye, ba ku san komai ba sai abin da aka gaya muku. Don haka zan ɗauko muku shi daga tushe. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya a Nguru, ina zaune a tabarma da Yayarku a cinyata. In kun ga harafi ya karkace, ku miƙar da shi a zuci. Kuma ku yi haƙuri da "Yayarku" da zan yi ta cewa. 'Yar fari ce, bakina bai saba da sunanta ba, hannuna ma haka.

Babanku, Allah ya jiƙansa, karatu ya kawo shi ƙasar nan. Da ya gama bai koma ba, sai ya zama mai masaukin mutanenmu da suke zuwa neman lafiya. Shi zai taro su a filin jirgi, ya kai su wurin likita, ya yi musu tafinta, ya kawo su gida su yi jinya. Saboda su ya kama gidan nan na unguwar Faisal, hawa na farko, don mai ciwon ƙafa da wanda aka yi wa aiki ba sa iya hawa bene, ginin kuma ba shi da na'urar hawa. Kun san abin da ke ƙarƙashin tagarmu. Tashar mikrobas ce, waɗannan ƙananan motocin haya farare. Tun daga asuba direbobi suke barin injin a kunne suna kiran fasinja, hayaƙin yana tasowa ya shigo mana kamar shi ma ɗan gida ne. In na goge teburin falo da safe, kafin la'asar zan iya rubuta sunana a kai da yatsa. Farin labule kuwa sau ɗaya na saya, ban sake ba.

Ni kuma abin da na zo da shi daga gidanmu turare ne. Kakata ta koya wa mahaifiyata, ita ta koya mini: yadda ake jiƙa itacen sandal, yadda ake soya shi da sukari har ya kama, yadda ake gasa farce a daka a zuba a humra. Gidan da majinyata suke kwana dole ya yi warin magani da na ciwo, don haka kaskona ba ya mutuwa. Safe, rana, bayan magariba. Baƙi suna komawa gida suna ba da labari, wai a Masar akwai gidan da tun daga matakala za ka san ka iso. Babanku yana jin daɗin wannan magana, ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ina jin daɗinta. Abin da ya fi faranta mini shi ne Yayarku ta gaji hancin kakata. Tana da shekara bakwai, in na rufe mata ido da ɗankwali na miƙa mata kwalba, za ta ce wannan kajiji ne, wannan hawi ne, wannan kuma kin cika masa sukari. A raina na riga na ba ta sana'ar.

Shekarar da ta cika tara abin ya kama ta. Dama tana ɗan yin atishawa da safe in an kakkaɓe katifa, ba mu ɗauke shi komai ba. Amma da kaka ta shigo, lokacin da manoman bayan gari suke ƙona karan shinkafa, hayaƙin ya zo ya haɗu da na motoci ya zauna a kan birnin kamar murfin tukunya, sai hancinta ya ɓalle. Atishawa goma, goma sha biyar a jere, har ta dafa bango. Majina fara kamar ruwan famfo. Ido ya yi ja, ƙasansa ya yi baƙi. Da baki take numfashi, leɓenta duk ya tsage. Kullum tana tura hancin sama da tafin hannu, har wani siririn layi ya fito mata a karan hanci. A makaranta yaran Misirawa suka sa mata suna mai tsumma, don ba ta rabuwa da hankici. Malamarsu ta mayar da ita kujerar baya, wai tana hana aji ji.

Ni me na sani? Mura na sani, kuma na san abin da ake yi wa mura a gidanmu. Na rufe tagogi ruf saboda hayaƙin titi. Na zuba bagaruwa da habbatussauda a garwashi, na zaunar da ita, na lulluɓe ta da bargo, na ce ta shaƙa da ƙarfi. Tana tari a ciki tana cewa, "Umma, ya isa," ina cewa ta daure, ciwon ne yake fita. Safe da yamma nake yi mata haka, wata biyu cur. Da hannuna. Ku riƙe wannan, don ba na so in ɗora wa wani kason da yake nawa.

Wata rana na miƙa mata kwalbar sabuwar humra, na ce ta gaya mini ko ta nuna. Ta kai hanci, ta ja, ta sake ja. Sai ta dube ni.

"Umma, ruwa kika zuba a ciki?"

Na karɓi kwalbar na rufe.

Ba don ita muka je wurin likita ba, wannan ma ku sani. Wata tsohuwa ce daga Gusau, Hajiya Asabe, ta sauka a wurinmu da ciwon kunne. Ranar da za a duba ta, babanku yana wani asibitin da wani Alhaji, sai ya ce in raka ta, in tafi da Yayarku ta yi mana tafinta, tunda Larabcina na kasuwa ne. Likitan kunne da hanci ne, dattijo mai furfura. Ya gama da Hajiya, yana rubutu, sai Yayarku ta fara atishawar nan tata. Ya ɗago ya dube ta, ya kira ta da hannu, ya taɓa layin nan na karan hancinta, ya haska ciki da 'yar fitila. Sai ya fara magana, ita kuma tana juya mini, kamar labarin wata take bayarwa.

"Umma, ya ce ba mura ba ce. Ya ce sunanta hasasiyya. Wai hancina ba ya shiri da ƙurar katifa da ta kafet, haka aka halicce shi. Amma ya ce wannan kaɗai da sauƙi. Wai cikin hancin ya zama kamar fatar da aka sosa ta yi ja, hayaƙin mota kuma kamar a zuba mata barkono ne. In ya daɗe yana shiga, ƙurar da da ba za ta dame ni ba sai ta zama babba. Ya ce ina gidanmu yake."

Na ce ta gaya masa. Da ya ji a kan tasha muke, hawa na farko, sai ya ajiye alƙalami ya girgiza kai. Sannan ya yi wata tambaya. Wannan ba ta juya mini ba. Ita ta amsa masa da kanta, da sauri, ta ce a'a. Amma na ji kalmar a bakinsa, bakhur, kuma duk ƙarancin Larabcina na san sunan sana'ata. Tambaya ya yi ko ana kunna turare a gida. Yarinya 'yar shekara tara, hanci a toshe, ta yi wa likita ƙarya don kada a ga laifin uwarta. Shi kuwa dariya ya yi, ya nuna mayafina, ya ce tun kafin mu shigo ya ji amsar. Ya rubuta maganin fesawa da ruwan gishiri na wanke hanci. Ya ce maganin zai taimaka, amma ba zai iya kokawa da tasha da kasko a lokaci ɗaya ba.

A mota Hajiya Asabe ta ce, "Ke 'yar nan, me ya ce ne kika yi shiru haka?"

Na ce, "Ya ce kunnenki zai warke, Hajiya."

Washegari da safe na kai wa babanku shayi, na zauna, abin da ban saba yi ba.

"Malam, ina so mu tashi daga gidan nan."

"Mu koma ina?"

"Duk inda babu tasha a ƙarƙashinmu. Ko can cikin lungu, ko sama, hawa na shida."

"Hawa na shida," ya ce, yana juya cokali. "Alhajin da aka yanke wa ƙafa, ke za ki goya shi? Cikin lungu kuma motar asibiti ta ina za ta shiga? Kowa daga Sakkwato har Maiduguri gidan nan ya sani."

"Likita ya ce hayaƙin ne yake cin hancin yarinyar nan."

"Hajara, ni kullum da masu ciwon ƙoda nake yini, da masu ciwon daji. Jiya a gabana aka rufe wa mutum fuska. Yanzu ki ce in tayar da gida saboda atishawa? Ma'alish, ba komai. A fesa mata maganin, za ta girma ta bar shi."

Bai ɗaga murya ba. Babanku ba ya ɗaga murya, shi ya sa kowa yake cewa mutumin kirki ne, kuma mutumin kirkin ne. Ya yi wa mutane ɗari-ɗari tafintar ciwonsu, kalma bayan kalma, bai taɓa rage wa likita komai ba. Na 'yarsa ne kawai bai ji ba.

Na yi abin da yake hannuna. Na kashe kasko. Na naɗe kafet ɗin ɗakinta, ina shanya katifarta a saman bene, ina goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Ta ɗan samu sauƙi, atishawar ta ragu, amma hancin bai buɗe ba, don tasha ba ta san na tuba ba. Kwana arba'in gidan nan babu turare. A na arba'in da ɗaya wani baƙo ya ce wa babanku, cikin wasa, "Malam, an ce mini gidanka ƙamshi, ni kuwa na ji kamar ban fito daga asibiti ba." Bayan la'asar na fito daga wanka na tarar da babanku a durƙushe a kicin, yana hura garwashi da kansa, mutumin da bai san inda ashana take ba. Na tsaya a bakin ƙofa. Bai juyo ba.

"Gidan baƙi ne," ya ce. "Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa."

Ta shiga ta rufe. Haka ta yi sauran shekarar, a ɗaki, tana jin muryoyinku a falo.

Da damina ta zo muka tafi gida hutu, ni da ku uku. Babanku bai je ba, yana da majinyata. Muka sauka a Nguru wurin yayarsa, Gwaggonku Yalwa, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Gidanta a bakin gari yake, mota sai a yini ba a ga uku ba. Sati na farko ban lura da komai ba. A na biyu na ga hankicin nan a kan igiya, ya bushe, ba wanda ya neme shi. Sai wata rana da hantsi, Yalwa tana kaɗa miyar kuka, Yayarku ta fito daga ɗaki tana yamutsa fuska.

"Gwaggo, wani abu ya mutu a gidan nan."

"Me ya mutu?"

"Ban sani ba, amma yana wari. Daga wajen murhu."

Yalwa ta duba, ta duba, sai ta fashe da dariya har ta saki maburgi. "Ja'ira, daddawa ce! Ba ita kike ci kullum a Masar ba?"

Ita take ci. Kusan shekara guda tana cinta hanci a toshe, har ta manta tana da wari. Kowa a tsakar gidan yana dariya, ni na shiga bayan ɗaki na daɗe ban fito ba. Da yamma aka yi ruwa, ta tsaya a ƙofar zaure tana jan iska da hanci, baki a rufe, tana cewa ashe ƙasa ma tana da ƙamshi. Rabona da ganin bakin yarinyar nan a rufe har na manta.

Ba wanda ya ba ni shawara. Yalwa ba ta roƙa ba, duk da abin da aka gaya muku. Ni na same ta tana tsintar shinkafa, na ce, "Yaya, in na bar miki ita, za ki riƙe?" Ta dube ni ta ce, "Malam ya sani?" Na ce zai sani. Ta ce, "Ita fa?" Na sunkuya na taya ta tsintar shinkafar. A nan ne na yi kuskuren da ya fi na bargo da bagaruwa. Da na zaunar da ita na ce mata, ga dalili, ga tasha, ga kasko, ga abin da na kasa, da ta gane, don yarinyar da ta yi wa likita ƙarya saboda ni ba abin da ba za ta gane ba. Amma a gidanmu uwa ba ta zama da 'yar fari ta buɗe mata ciki. Kunya ake kira. Ranar tafiya na ce mata za mu je Kano mu dawo. Ta tafi makarantar allo da safe, ta ce in sayo mata ɗan kunne. Kafin a taso su mun yi nisa.

A filin jirgi babanku ya ƙirga mu da ido.

"Ina Yayarsu?"

"Tana inda take numfashi."

Wannan ce magana mafi tsauri da na taɓa gaya masa a zamanmu. Wata uku bai ci abinci daga hannuna ba. Amma bai tashi daga gidan ba, kuma bai je ya ɗauko ta ba. Ga mutane sai ya ce, "Yaya Yalwa ce ta roƙa, muka ba ta." A waya kuma, in yarinyar tana kuka tana tambaya, sai ya ce, "Ummanki ce ta ga haka ya fi." Bai yi ƙarya ba. Rabin gaskiyar ya ba ta, ya bar ni da ɗayan rabin, ni kuma bakina ya ƙi buɗewa. Cikin shekara biyu ta koma kiran Yalwa Inna. Ni kuma na zama Hajiyar Masar. In na je hutu takan durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, ta kawo mini ruwa, ta fita. Ranar aurenta a cikin 'yan biki na zauna. Turaren da aka yi mata gyaran jiki da shi ma ba nawa ba ne, ita ta haɗa abinta, a wurin wata maƙwabciya ta koya. Na shinshina a jikin mayafinta da ta wuce. Ya fi nawa.

To, ga ranar da kuke magana a kai. Bayan rasuwar babanku da shekara guda aka ce za ta zo da mijinta. Kwana uku ina aiki, kuna gani, kun ɗauka kwalliyar tarba ce. Na sauke labule duka na wanke. Na sa aka hau da kafet saman bene. Kwalabena, na kakata ma da ban taɓa rabuwa da su ba, na kwashe na kai gidan maƙwabciya. Na wanke bango da sabulu, da wannan bayan nawa mai ciwo, don ƙamshin shekara da shekaru ya shige cikin fenti. Na toshe ƙasan tagogin titi da jiƙaƙƙun tsummoki. Tasha ce kawai na kasa ɗaukewa. So nake yarinyar nan ta shigo gidan ubanta sau ɗaya ba a ce mata ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ba.

Ta shigo, ta tsaya a bakin falo. Na ga ta ja iska da hanci, na ga idonta yana neman kasko a inda ta san yana zama. Mijinta ma ya duba, don an ba shi labarin gidan. Matarka, Mustafa, ta matso ta ce a hankali, "Umma, in sa garwashi?" Na ce a'a. Sai Yayarku ta yi murmushi.

"Bar shi, ƙanwata. Hajiya ta fi mu sanin wanda ake turarawa."

Kuna wurin, kun ji. Kun ga na sunkuyar da kai na ce a kawo abinci. Kwana uku da zuwanta titin ya gama aikinsa, ta koma neman hankici, ta kwana tara ta tafi da hanci a toshe. Ba ta samu iskar ba, ba ta samu turaren ba.

Ban yi niyyar rubuta wannan ba, da na tafi da shi. Amma Mustafa, kai ka gaji aikin babanka da gidansa, kuma shekaranjiya na ga 'yarka ƙarama tana tura hanci sama da tafin hannu. Na kira ta na duba. Layin ya fara fitowa. Na gaya maka, ka ce mini, "Umma, mura ce, kuma baƙi hawa na farko suke so." Muryarka ma irin tasa ce, a hankali. Ni ba ni da sauran ƙarfin ɗaukar yarinya in kai ta wani gari, kuma ko ina da shi ba zan sake ba. Wannan karon gidan ne zai tashi, ba yarinyar ba. Ka nemi inda za ka sauke baƙinka, ka nemi inda 'yarka za ta kwana. Ba dole su zama wuri ɗaya ba. Sai da na yi shekara ashirin da ɗoriya kafin in iya faɗin wannan a fili.

In kun gama karantawa, ku aika wa Yayarku. Sa'adatu. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Sa'adatu, ba Kano na je ba, kuma ɗan kunnen na saya, yana nan. Littafin nan sabo ne, a saman bene na zauna na rubuta shi, ban taɓa shiga da shi ɗakina ba. Ku kuma kada ku ajiye shi a akwatina kafin ku samu mai tafiya, komai na cikin akwatin nan ya sha turare. Ku sa shi a sabuwar leda ku ɗaure.